Kwana Huɗu da Lawal Ya Ci Tuwonmu

Ku 'ya'yana, har da jikokin da suka fara wayo, akwai labarin da kuka taso kuna ji a gidan nan, duk ranar Salla sai wani ya tono shi ana tsakiyar cin abinci. Wai kakarku Inna Kulu ta taɓa kayar da zakaran kokawar Najeriya ba ta ko ɗaura ɗamara ba, da tuwo da miyar kuka kawai. Ku yi ta dariya har da buga cinya, ni kuma in ɗan yi yaƙe in tashi in ce zan yi alwala. Ba alwala ke fitar da ni ba. Yanzu ƙafafuna sun fara kumburi, likita ya raba ni da gishiri, kuma ban ga dalilin da zai sa in tafi da wannan magana a cikina ba. Ku zauna ku karanta, kada wanda ya tsallake min layi don ya gaji, na san halinku da takarda.

Gidanmu na unguwar Zongo a nan Lome, ƙasar Togo, gidan masauki ne tun zamanin kakana, wanda ya taho daga ƙasar Katsina fataucin goro ya zauna bai koma ba. Mahaifina Alhaji Namadi ya gaji gidan da baƙinsa. Direbobin da ke jiran kaya a tashar jirgin ruwa, 'yan kasuwar da suka sauko daga Nijar da Burkina, mai neman asibiti, mai cigiyar ɗan'uwansa, duk zaurenmu ake nuna musu. Baba ba shi da wata dukiya da ta kai wannan suna. Abu guda yake taƙama da shi, yana kuma faɗinsa gaban kowa, cewa ba a taɓa cutar baƙo a gidansa ba. Inna kuwa tata amanar tukunya ce. Ita take girkawa, ita take zubawa, ita take zama bayan labulen zaure tana jiran kwano ya dawo. A dokarta, baƙo in ya ce ya ƙoshi ladabi ne yake yi, sai a ƙara masa. In ya sake faɗi a sake ƙarawa. Kwano ya dawo da saura kuwa, to girkin ne bai yi ba, ranar kowa a gidan sai ya ji a jikinsa. Na ga ƙaton direba yana zufa yana lashe kwano don kada ran Inna ya ɓaci.

A shekarar da nake aji biyu a jami'a, aka ce Lome ce za ta karɓi wasannin ɗaliban jami'o'i na ƙasashen maƙwabta. 'Yan Gana, 'yan Benin, 'yan Najeriya, 'yan Burkina, kowa da motarsa da tutarsa, masu gudu da masu ƙwallo da masu tsalle, da mu 'yan kokawa. Ni kaɗai ne ɗan Zongo a tawagarmu. Sauran duk 'yan arewacin Togo ne, mutanen da tun suna rarrafe suke kokawa, kuma ba su ɓoye min ba cewa gurbin ɗan'uwansu na ci. Mai horar da mu, Mesye Kojo, shi ya nace a ɗauke ni, bai kuma taɓa kiran sunana ba, Zongo kawai yake ce min. Ku da kuka taso da katin ɗan ƙasa a aljihu ba za ku gane zafin abin ba. A Lome aka haife ni, a nan aka binne cibiyata, amma da zarar na faɗi a atisaye sai ka ji wani ya ce ai ɗan Najeriya ne, me ya dame shi da tutarmu. Na ƙudurta a raina ko zan mutu sai an ɗaga tutar Togo saboda ni.

Kokawar jami'a ba irin ta dandali ba ce. Aji-aji ake yi bisa nauyi. Ana gobe karawa sai a ɗora ka a sikeli daga kai sai gajeren wando, in ka haura iyakar ajinka ko da nauyin ƙwan kaza ne, an cire ka ke nan, ka koma ɗan kallo. Wata guda na yi ina cin abinci kamar majinyaci, ɗan kifi busasshe da ganye, ruwa ma da awo. Inna ta ƙi fahimtar wannan sam. Na yi mata bayani sau biyu, ta ɗauka wani tsirfa ne na makarantar Faransa da Kojo ya ƙirƙiro shi kaɗai.

"Wace irin kokawa ce ake yi da yunwa?" in ji ta. "A garinmu rago ake yanka wa ɗan kokawa. Wannan Kojon naka so yake ya kashe min kai, dube ka, duk ka zama wuya."

Ranar Talata motar 'yan Najeriya ta iso. Bayan azahar sai ga wani saurayi a ƙofar zaurenmu, baƙi, mai faɗin kafaɗa, ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa ya miƙa wa Baba wasiƙa. Lawal sunansa. Kakansa da kakana uwa ɗaya uba ɗaya suke, shi ne ya zauna a gida lokacin da namu ya taho. Baba ya karanta wasiƙar yana share ido da hannun riga, don rabon wani daga wancan gidan ya tako Lome tun ba a haife ni ba. Ya so Lawal ya kwaso kayansa ya dawo gidan gaba ɗaya, Lawal ya ce dokar tawaga ba ta yarda a kwana a waje ba.

"To, kwana na gwamnati ne," in ji Baba, "amma ciki nawa ne. Sa'idu, kullum in an yi azahar ka ɗauki babur ka ɗauko min ɗana. Kada ka dawo sai da shi."

Ranar Inna ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Wata guda tana girki ɗanta na kawar da kai, yau Allah ya kawo mata ɗan kokawa daga gida. Lawal ya ci rabi ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi. Daga bayan labule Inna ta ce, "Ko girkin 'yan Togo ne bai yi maka ba, ɗan Katsina?" Na ga yadda ya daburce. Ya sunkuyar da kai ya cinye tas, aka ƙaro, ya cinye. Yaro ne mai kunya irin ta mutanen can, ko ɗaga ido bai iya yi in babba na magana.

Washegari aka manna sunaye a allon filin wasa. Mu shida ne a ajina, sunan Lawal na biyu daga sama. Ban yi mamaki sosai ba, don na ga jikinsa, amma da na tsaya na kalli atisayensu na tsorata. Wallahi ban taɓa ganin mutum mai saurin shiga ƙafa irinsa ba. Ya ɗaga abokin atisayensa sau uku ya ajiye a yashi, ko numfashinsa bai canza ba. Mesye Kojo na tsaye kusa da ni hannu a ƙugu, ya ja tsaki. Sauran huɗun na san yadda zan yi da su. Wannan kam na san da zarar mun haɗu bayana zai taɓa ƙasa, a Lome, gaban 'yan tawagarmu, a hannun ɗan Najeriyar da yake cin abinci a gidanmu. Na riga na ji abin da za su ce tun ba su faɗa ba. Da azahar na ɗauko shi a babur kamar yadda aka umarce ni. Inna ta yi wake da shinkafa da soyayyen wagashi, cukwin nan namu, ta zuba mai har yana ƙyalli. Ina zaune gefe da ɗan kifina ina kallon hannunsa na zuwa baki. A nan shaiɗan ya fara zama kusa da ni, ban kuma kore shi ba.

Ranar Alhamis, muna kan hanyar gida daidai wajen kasuwar Asiyeye, ya taɓa kafaɗata ya ce in ɗan tsaya. Na tsaya a gefen titi ban kashe babur ba.

"Ɗan'uwa," ya ce, "don Allah ka taimake ni. Na hau sikelinmu da safe, na haura. Da asuba gudu nake da leda a jiki, abin da na zubar sai in mayar da rana. Na ce wa Inna na ƙoshi, ba ta ji. Ni kuma ba zan iya buɗe baki in ce wa uwa za a tuɓe ni a auna ni ba, ko in mayar mata da kwanonta. Kai ɗanta ne. Ka yi mata bayani, gobe a ba ni irin naka."

"Ba komai," na ce. "Ka bar min wannan, zan gaya mata."

"Ka yi alkawari?"

"Haba, Lawal. Na ce zan gaya mata."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya saka. Ranar ya ci fufu, sakwarar nan tamu, da aka ba shi da sakin jiki, yana ganin na ƙarshe ne. Da na dawo daga mayar da shi, na tarar da Inna a tsakar gida tana gyaran kayan miya, tana lissafa wa babbar 'yarta Yaya Hadiza abin da za a dafa gobe Juma'a, don Baba ya gayyato dattawan unguwa su zo su ga ɗan gidan kakansa. Na tsaya a kanta. Ta ɗago ta ce, "Lafiya ka tsaya min a kai kamar sanda?" Kalma biyar ce ta rage in faɗa. Ba mantawa na yi ba, ba kuma kunya ce ta hana ni ba, kada wani cikinku ya nema min wannan uzurin. Na ce mata ba komai, na wuce ɗaki.

Bayan an sauko daga Juma'a zaure ya cika. Liman ya zo, sarkin mahauta ya zo, tsofaffin direbobi, kowa na son ya ji labarin gida. Aka shigo da tuwo malmala-malmala, miyar kuka da man shanu, ga farfesun kan rago a babbar tasa. Da aka ajiye wa Lawal kwanonsa na ga ya buɗe ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni. Ni kuwa na dubi tabarma, na ƙirga saƙarta har na gaji. Baba da kansa ya ɗauki harshen ragon ya sa masa a kwano, ya ce, "Ci, ɗana, rabon kakanka ne da bai zo ya ci ba." Wa zai mayar da wannan gaban liman? Ya ci. Ya ce ya ƙoshi, dattawa suka yi dariya suka ce bai san gidan da ya shigo ba, aka ƙaro. Yana haɗiya kamar mai haɗiyar magani, zufa na bin wuyansa. Da na mayar da shi a babur, ya sauka ya shige bai waiwayo ba.

Asabar da safe aka yi awo a wani ɗaki mai zafi bayan filin wasa, an cika maƙil, warin man zafi da zufa. Na hau, na wuce da ɗan rara. Lawal ya hau. Mai awon ya tura ƙarfen sikelin, ya sake turawa, ya girgiza kai. Aka ba shi awa guda ya je ya rage nauyi. Na leƙa ta taga na gan shi yana zagaye fili cikin rana da leda da rigar sanyi, yana tofar da yawu, abokansa biyu na gudu a gefensa suna ba shi baki. Abin kunyar da zan faɗa muku shi ne ba addu'ar ya wuce nake yi ba. Ya dawo idonsa ya faɗa, leɓensa ya bushe, ya hau. Saura kaɗan, amma sikeli ba ya jin magiya. Aka ja layi a kan sunansa. Mai horar da su ya hau shi da faɗa yana tambayar ina yake zuwa kullum da rana, me yake ci. Lawal ya sunkuyar da kai. Wani ɗan tawagarsu ne ya nuna ni da yatsa ya ce gidan su wancan, shi ke zuwa ɗaukarsa a babur. Ɗakin ya kaure da hayaniya. Mesye Kojo ya daki bayana yana dariya har da hawaye.

"Zongo! Ashe haka kuka iya? Bravo, mon petit, madalla yarona, ka kayar da shi tun a kwano!"

Kafin in isa gida magana ta riga ni. Kun san Zongo, 'yan zemijan masu ɗaukar fasinja a babur su ne rediyonmu. A bakin masallaci, a wajen mai shayi, ana ta cewa gidan Alhaji Namadi sun ɗura wa baƙo tuwo da gangan don ɗansu ya ci gasa. Wasu na yabawa, wai dabara ce. Wannan yabon ya fi zagi ciwo a wurin Baba. Na same shi a zaure da liman da dattawa uku, bai ko amsa sallamata ba. Ya riga ya aika an ɗauko Lawal, yana durƙushe a gefe. Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba.

"Lawal," ya ce, "ka dubi girman Allah ka gaya min gaskiya gaban liman. Akwai wanda ya san abincin nan zai cutar da kai a gidan nan? Ka gaya wa wani?"

Na san ƙarshena ya zo, kuma wani ɓangare na zuciyata har ya ji sauƙi. Lawal bai dube ni ba.

"Ban gaya wa kowa ba, Baba. Laifina ne. Kunya ce ta hana ni magana."

Baba ya juyo gare ni. "Kai fa? Kai da ka san dokar abin, ba ka lura ba?"

Ga ƙofa ta biyu Allah ya buɗe min, a gaban liman, a gaban wanda ya yi ƙarya don ya rufa min asiri. Na tuna gobe akwai karawa, na tuna in na faɗi gaskiya Baba ba zai bar ni in taka filin nan ba, zai ce in je in janye, kuma 'yan tawagarmu za su ce dama sun faɗa.

"Ban san ajinmu ɗaya ba sai yau, Baba. Na ɗauka ajinsa na sama ne."

Liman ya ce alhamdulillahi, ƙaddara ce, ba ha'inci ba. Dattawa suka gyaɗa kai. Amma laifi sai ya sami inda zai sauka, tunda yaro ya taho tun daga wata ƙasa an mayar da shi ɗan kallo. Baba ya ɗaga murya ta yadda na bayan labule zai ji.

"Kin ji abin da nacinki ya jawo? Yaro ya ce ya ƙoshi, ya ce ya ƙoshi, kin ƙi ji. Kin zubar min da mutunci gaban gidan ubana. Daga yau ba ke za ki zuba wa baƙo abinci ba. Hadiza ta riƙa zubawa."

Labulen ya motsa. Inna, wadda ba ta taɓa tako zaure da maza a ciki ba, ta fito lulluɓe da mayafi. Ta zo gaban Lawal, yaron da ta haifi wanda ya girme shi, ta sa gwiwoyinta biyu a ƙasa.

"Ka yafe min, ɗana. Ban sani ba. Jahilci ne, ban yi boko ba, na ɗauka ƙarfi nake ƙara maka. Ka gaya wa mahaifiyarka ba mugunta ba ce."

Lawal ya zube rub da ciki yana kuka yana cewa ta tashi don Allah, ta tashi. A nan ne kawai ya ɗago ya dube ni, ido jawur, yana jira. Ina tsaye jikin bango, tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Ina ganin tafin ƙafarta da faso. Bakina ya yi nauyi, na bar shi da nauyinsa, har Yaya Hadiza ta zo ta ɗaga ta suka shiga ciki.

Ranar Lahadi na yi kokawa uku na ci uku. Aka ɗaga tutar Togo, aka rataya min lambar zinariya, waɗanda suke ce min ɗan Najeriya suka ɗauke ni a kafaɗa suka zaga fili da ni. Abin da na yi wata da watanni ina mafarki ke nan, kuma ina can sama ban ji daɗin komai ba. Lawal na zaune a cikin 'yan kallo da rigar tawagarsu, ya tafa kamar kowa. Litinin da hantsi Baba ya ce in raka Lawal mota. Inna ta ƙulla masa guzurin kilishi da dambun nama, amma ba ta yarda ta ba shi da hannunta ba, Yaya Hadiza ta aiko, ta ce a tambaye shi ko an yarda ya ci. Ya karɓa da hannu biyu. A bakin mota na ce masa Allah ya kiyaye hanya. Ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Nawa na yafe maka, Sa'idu, tun a zaure. Wata gasar za ta zo ko kada ta zo. Amma na Inna ba nawa ba ne, ba ni zan yafe shi ba. Ka je ka gaya mata yau."

Na ce to. Kun ga wannan "to" ɗin nawa, kun riga kun san darajarsa.

Zongo ba ta riƙe abu da zafi, kafin wata biyu labarin ya zama abin dariya, irin wanda kuka gada. Sunan gidan ya tsira, baƙi suka ci gaba da sauka. A cikin gida ne abin bai wuce ba. Baba mutum ne da in ya yanke magana ba ya komawa, Inna kuma ba ta taɓa roƙo ba. Ta ci gaba da girki, amma in an gama sai ta miƙa wa Yaya Hadiza ludayi ta koma ɗaki. Da Yaya ta yi aure ƙanwarmu ta karɓa. Ba ta ƙara zama bayan labulen nan ba, ba ta ƙara tambayar ko kwano ya dawo da saura ba. Ni kuma na bar kokawa a shekarar, na ce karatu ne ya yi yawa. Na gama, na shiga aikin fiton kaya a tashar jirgin ruwa, na yi aure, na haife ku. Kullum sai in ce bari Baba ya huce, bari azumi ya wuce, bari in dawo daga tafiya. Shekara goma sha ɗaya ina wannan bari, har Baba ya kwanta ciwon kwana biyu ya rasu ina Kotonu wajen kaya.

Bayan ta fita takaba na same ta wata ranar da la'asar a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na zauna a ƙasa gabanta, na fara tun daga gefen titin Asiyeye, ban rage komai ba. Tun ina magana hannunta ke tsintar wake, har ya tsaya. Da na gama ta ɗago ta dube ni.

"Ya roƙe ka ka gaya min?"

"Ya roƙe ni, Inna."

"Ranar da ka tsaya min a kai?"

"Ranar ce."

"Kana zauren nan lokacin da na durƙusa."

"Ina nan, Inna."

"Ka gan ni."

"Na gan ki."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ajiye faifan a hankali, ta dubi ƙofar ɗakin Baba da ke rufe da kwaɗo.

"Ni uwa ce, Sa'idu, zan yafe maka, ba yau ba dai. Amma Alhaji ya tafi yana ganin ni na ci amanar baƙonsa. Wa zai je ya gaya masa?"

Ta yafe min bayan kwana tara, ta kira ni ta faɗa da bakinta, ta sa min albarka. Ta rayu shekara shida bayan haka, kuma ba ta gaya wa kowa ba, ko Yaya Hadiza. Tambayar nan tata kuwa ban amsa ba a ranar, ban kuma sami amsarta ba har yau. Na je kabarin Baba na faɗa, na sake komawa na faɗa, ƙasa ce kawai a gabana.